Ɗalibi da Ƙwadago: Tarihin Dokokin Aikin Hutu



Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an rufe makarantu don dogon hutu, sai ka ga ɗalibai sun bazu cikin gari suna neman inda za su ɗan taɓa aiki. Wani ya samu jiran kanti, wani ya shiga koyarwa a makarantar kuɗi, wani ya tsaya gidan mai, wata kuma ta zauna shagon kwamfuta tana buga takardu. Akwai kuma waɗanda ba su jiran hutu, suna fitowa daga aji sai su wuce wurin aiki, su yi awa uku ko huɗu. Nau'i na farko shi muke kira aikin hutu. Na biyun kuwa zan riƙa kiransa aikin 'yan awoyi.

Makasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda doka ta fara sa baki cikin waɗannan ayyuka biyu. Abin da nake so in nuna shi ne, dokokin sun faro ne da ƙoƙarin ƙwato wa yaro 'yan awoyin karatu daga hannun mai masana'anta. Bayan kusan shekara ɗari sai al'amarin ya juye, ya zama doka ce take yanka wa aiki 'yan awoyi daga cikin lokacin karatu. Ƙasashen da suka bi wannan juyi har ƙarshensa sun ware wa ɗalibi mai aiki matsayinsa a doka. Dokokinmu na Nijeriya ba su kai nan ba tukuna, kuma ɗalibanmu ne suke ɗaukar asarar.

Tushen Al'amari

Haɗa karatu da neman abinci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko almajiri yakan yi wa malaminsa noma da damina, ya yi aikatau a gidajen unguwa don tuwon dare. In ya zama gardi sai ya kama ɗinkin hula, ko wankau, ko yankan farce, ko ya ɗebi ruwa ya sayar. Babu rubutacciyar doka a kan wannan, amma al'ada ta yi masa iyaka. An san lokacin karatun asuba da na dare, an san hutun Alhamis da Juma'a, malam kuma yana da ikon kiran almajirinsa daga duk inda yake. Abin lura a nan shi ne, kusan duk sana'o'in nan irin waɗanda mutum yake iya ajiyewa ne idan lokacin karatu ya yi. Mai ɗinkin hula zai soke allurarsa a jikin hular ya ɗauki allo. Watau lokacinsa yana hannunsa.

Kusan haka abin yake a Turai kafin ƙarshen ƙarni na 18. Yara suna taya iyayensu noma da kiwo, ko a ba da su koyon sana'a a gidan maƙeri ko masaƙi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne injin kaɗi da na saƙa. Inji ba a ajiye shi a tafi karatu. In an tashe shi da asuba, dole mai kula da shi ya tsaya a gindinsa har a kashe shi da dare. Daga ranar da lokacin yaro ya koma hannun mai masana'anta da ƙararrawarsa, al'ada ta gaza, sai doka.

Masaƙun Ingila da Tsarin Rabin Rana

A Ingila aka fara wannan gwagwarmaya, musamman a masaƙun yankin Lankasha, waɗanda a ƙarni na 20 aka riƙa kai musu audugar Zariya da Funtuwa. A shekarar 1802 Majalisar Dokokin Ingila ta yi doka a kan yaran da ake ɗebowa daga gidajen marasa galihu ana kai su masaƙu da sunan koyon sana'a. Ta ce kada aikinsu ya wuce awa 12 a rana, kuma a koya musu karatu da rubutu da lissafi. Dokar ta zauna a takarda, domin ba a naɗa ma'aikatan da za a biya su zagaya su tabbatar ana bin ta ba.

Dokar da ta yi tasiri ita ce ta 1833. Ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga da na ulu. Daga shekara 9 zuwa 13 ta yanke awa 9 a rana, kuma kada a wuce awa 48 a mako. Daga 13 zuwa 18 ta yanke awa 12 a rana. Sannan ta zo da sababbin abubuwa biyu. Na farko, dole ƙananan yaran su yi karatun awa biyu kullum. Na biyu, an naɗa sufetoci huɗu masu albashi da ikon shiga kowace masaƙa. Mutum huɗu ga dubban masana'antu ba su da yawa, amma daga kansu aikin sufeton ƙwadago ya samo asali. Nan da nan kuma suka gamu da wata matsala wadda mu ma mun san ta: ta yaya za a san shekarun yaro? Sai a 1837 aka fara rajistar haihuwa ta gwamnati a Ingila, saboda haka aka daɗe ana dogara da likita ya dubi jikin yaro ya kimanta shekarunsa.

A 1844 aka sake doka wadda ta kafa abin da aka sani da tsarin rabin rana. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 13 zai yi aikin awa shida da rabi, ya yi karatun awa uku. Masu shiga masaƙa da safe su tafi makaranta da rana, masu karatun safe kuma su karɓe su a bakin inji. In mun lura, wannan yaro shi ne kakan duk ɗalibin da yake aikin 'yan awoyi a yau, sai dai a wurinsa karatun ne na 'yan awoyi. Malaman makarantu sun sha kukan cewa yaran suna zuwa aji a gajiye, ƙurar auduga a ka, suna gyangyaɗi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka iyaye da yawa, har da ƙungiyoyin ma'aikatan masaƙa na Lankasha, sun yi tsayin daka a kan kada a soke tsarin, domin ɗan abin da yaro yake kawowa yana cikin lissafin cefanen gida.

A wancan zamani daular Furusiya, wadda daga baya ta haɗa kan Jamus, ita ma ta yi tata dokar a 1839. Ta hana aikin masana'anta ga 'yan ƙasa da shekara 9, ta kuma yanke awa 10 ga 'yan ƙasa da 16. Daga cikin abin da ya zaburar da hukuma har da ƙorafin hafsoshin soja cewa samarin yankunan masana'antu suna zuwa da raunin jiki, ba su dace da aikin soja ba. Ka ga ashe ba tausayi kaɗai yake haifar da doka ba.

Juyin Al'amari

Abin da ya juya lissafin shi ne karatun dole. Ingila ta wajabta shiga makaranta har zuwa shekara 10 a 1880, ta yi ta ɗaga shekarun a hankali, har dokar ilimi ta 1918 ta kai su 14, ta kuma yanke hukuncin soke tsarin rabin rana. Daga nan rana ta zama ta makaranta. Aiki sai ya koma gefe: sassafe, ko yamma, ko ranar Asabar, ko lokacin hutu. A taƙaice dai, aikin hutu ɗan makarantar dole ne, domin sai da aka yi zangon karatu sannan aka sami hutun da za a yi aiki a cikinsa.

A 1919 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma cikin yarjejeniyoyinta na farko akwai wadda ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki a masana'anta. A Amurka abin ya ɗauki lokaci. Majalisar ƙasar ta yi doka a 1916, Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1918. Aka sake wata ta hanyar haraji, ita ma aka rushe ta a 1922. Sai a 1938, zamanin Shugaba Roosevelt, aka samu dokar da ta tsaya. Ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta suna nuna juyin nan ƙarara. Ɗan shekara 14 ko 15 ba zai wuce awa 3 ba a ranar makaranta, ko awa 18 a makon karatu. In an yi hutu kuwa yana iya yin awa 8 a rana, 40 a mako. Ba zai wuce ƙarfe 7 na yamma a wurin aiki ba, sai daga 1 ga Yuni zuwa farkon Satumba, lokacin dogon hutu, da aka ƙara masa zuwa ƙarfe 9. Mu kwatanta: a 1833 doka ta roƙar wa karatu awa biyu, a ƙarƙashin dokar 1938 kuwa aiki ne aka yi wa alfarmar awa uku.

Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1973, ita ta tattara wannan ra'ayi ga duniya baki ɗaya. Ta ce kada shekarun fara aiki su gaza shekarun gama karatun dole, kuma kada su gaza 15, ko da yake ta yarda ƙasashe masu tasowa su fara da 14. Aiki mai haɗari sai ɗan 18. Sannan ta buɗe ƙofar aiki mara nauyi ga 'yan shekara 13 zuwa 15, bisa sharaɗin kada ya cuci lafiyarsu, kada kuma ya hana su zuwa makaranta ko amfana da abin da ake koya musu. Tarayyar Turai ta fayyace wannan da alƙaluma a 1994: awa 2 a ranar makaranta, 12 a mako, a lokacin hutu kuma awa 7 a rana, 35 a mako. Wasu ƙasashen sun ma kāre hutun kansa daga aiki. A Jamus, bisa dokar 1976, ɗan makarantar da ya kai 15 amma bai gama karatun dole ba yana iya aikin hutu na mako huɗu kawai a shekara. A Faransa ɗan shekara 14 zuwa 16 sai da izinin sufeton ƙwadago, kuma dole a bar masa aƙalla rabin hutun ya huta.

Ɗalibin Jami'a

Duk abin da na faɗa ya shafi yara ne. Ɗalibin jami'a kuwa baligi ne, tarihinsa daban. Har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, yawancin masu shiga jami'a a Turai 'ya'yan masu hali ne, kuma ana ganin aikin ƙarfi bai kamace su ba. A Jamus yaƙin da tsadar da ta biyo bayansa, wadda ta kai maƙura a 1923, suka cinye ajiyar iyaye. Ɗalibai suka shiga ramukan kwal da masana'antu da gonaki lokacin hutu don su tara kuɗin zango mai zuwa. A 1921 suka kafa ƙungiyar taimakon kai, wadda ita ce tushen hukumomin da suke kula da abinci da masaukin ɗalibai a ƙasar har yau. A wannan zamani ne Jamusawa suka ƙirƙiri suna na musamman mai ma'anar ɗalibi ma'aikaci. Sannu a hankali doka ta karɓi sunan, ta kuma yi masa ma'auni. Muddin aikinsa bai wuce awa 20 a mako ba a lokacin karatu, ana ɗaukarsa ɗalibi ne, ba a cire masa kuɗin inshorar lafiya da na rashin aiki daga ladansa kamar sauran ma'aikata, ko da yake yana biyan na fansho. In ya zarce haka, ya zama ma'aikaci mai karatu.

A Amurka kuwa an daɗe ana ganin yin aiki don biyan kuɗin karatu abin yabo ne. Makarantar Tuskegee, wadda Booker T. Washington ya buɗe wa baƙaƙen fata a 1881, ɗalibanta ne suka yi tubalin gine-ginenta da hannunsu. Ta wannan hanya Nnamdi Azikiwe, wanda ya isa ƙasar a 1925, ya yi karatu, yana wanke kwanuka da aikin lebura. Kwame Nkrumah, wanda ya bi sahunsa a 1935, ya sayar da kifi a titunan Harlem, ya yi aiki a masana'antar sabulu da jiragen ruwa. Gwamnatin Amurka ta shigo cikin lamarin a 1935, lokacin karayar tattalin arziki, da ta kafa hukumar matasa mai biyan ɗalibai ladan ƙananan ayyuka a makarantunsu. Wanda ya shugabanci reshen hukumar a jihar Texas wani matashi ne mai suna Lyndon Johnson. Da ya zama shugaban ƙasa, a 1964 ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin aiki da karatu, inda gwamnatin tarayya take biyan mafi yawan ladan ɗalibi mara ƙarfi da ke aiki a ɗakin karatu ko ofishin jami'a.

Lada da Hutu Mai Albashi

Yanzu sai mu zo ga batun kuɗi, inda nan ne rigimar take. Masu ɗaukar aiki sun daɗe suna cewa ɗalibi koyo yake yi, bai kamata a biya shi kamar cikakken ma'aikaci ba. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna tsoron kada a yi amfani da arhar ɗalibai a karya farashin magidanta. Dokokin ƙasashe da yawa tsakiya suka bi. A Amurka mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma tun 1996 doka ta yarda a biya ɗan ƙasa da shekara 20 dala 4.25 a kwana 90 na farko, wanda kusan tsawon dogon hutu ke nan. A Faransa ana iya biyan ɗan ƙasa da 17 kashi 80 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi, ɗan 17 kuma kashi 90. A Jamus dokar mafi ƙarancin lada ta 2015 ba ta shafi ɗan ƙasa da 18 wanda bai gama koyon sana'a ba, amma ta shafi baligin ɗalibi.

Hutu mai albashi shi ma yana da nasa tarihin. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa mako biyu a shekara, a shekarar kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yanke kwana shida na aiki bayan shekara guda cur. To, mai aikin wata biyu fa? In sai an cika shekara, har abada ba zai samu ba. Maganin da aka samo shi ne rabo gwargwadon aiki. Yarjejeniyar 1970 ta ɗaga hutun zuwa mako uku, ta kuma amince da ba wanda bai cika shekara ba rabonsa gwargwado. Yarjejeniyar 1994 a kan aikin 'yan awoyi ta ce kada a rage ladan awar mutum don kawai awoyinsa kaɗan ne. Saboda haka a Jamus ɗalibin da ya yi cikakken wata guda yana da kashi ɗaya cikin 12 na hutun shekara, a Faransa kuma in ya tashi barin aiki sai a biya shi kuɗin hutun da bai ci ba. Amma akwai wata diyyar kashi 10 cikin ɗari da Faransa take ba masu kwantiragin gajeren lokaci, wadda ba a ba ɗalibin da ya yi aiki cikin hutunsa. Wani ɗalibi ya kai ƙara, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2015 cewa wannan bambanci bai saɓa doka ba, domin shi ɗalibi yana da ajin da zai koma.

Ɗalibi Baƙo

Akwai rukuni na uku da ya shafi 'ya'yanmu masu fita waje. Su dokar shige da fice ce take ƙayyade musu awoyi. A Birtaniya mai karatun digiri yana da awa 20 a mako lokacin karatu, da cikakken lokaci in an yi hutu. A Amurka ma awa 20 ne, kuma a cikin harabar jami'a, sai da izini na musamman ake fita waje. Faransa ta yanke awa 964 a shekara. Jamus ta ɗaga nata zuwa cikakkun kwanaki 140 a 2024, Kanada ta sa awa 24 a mako a wannan shekarar, Ostareliya kuma awa 48 a mako biyu tun 2023. Wanda ya wuce iyaka yana iya rasa bizarsa. Nan kuma tarkon yake, domin ɗalibin da ya san ya wuce iyaka ba ya iya kai ƙarar wanda ya danne masa lada.

Ina Aka Kwana a Nijeriya?

Mu dawo gida. A shekarun 1970, lokacin da jami'o'i ba su da yawa kuma kuɗin mai suna shigowa, ma'aikatun gwamnati da kamfanoni sukan ɗauki ɗalibai aikin hutu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta tura ɗaliban manyan makarantu gonaki cikin dogon hutu a ƙarƙashin shirin Ciyar da Ƙasa, tana biyansu. Kafin nan, a 1973, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda har yau yake tura ɗaliban kimiyya da fasaha wuraren aiki. Sai dai wannan wani ɓangare ne na karatu, alawus ake bayarwa. Ɗalibin da ya je ya nemo aikinsa da kansa, Dokar Ƙwadago ce gatansa, wadda aka yi tun zamanin Janar Gowon.

Ta fuskar yara dokar ta yi magana. Ɗan ƙasa da 12 ba ya aiki sai mara nauyi a gona ko gida a hannun danginsa. Ɗan ƙasa da 14 sai aikin yini, a biya shi kullum, ya kwana a gida. Ɗan ƙasa da 15 ba ya aikin masana'anta. Ɗan ƙasa da 16 ba ya aikin inji ko na ƙarƙashin ƙasa, kuma ba ya wuce awa 4 a jere ko 8 a rana. Nijeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 138 a 2002. Amma a lura, waɗannan awoyi ba su bambanta ranar makaranta da ranar hutu ba. Watau juyin da na bayyana ɗazu bai shiga cikinsu ba.

Ta fuskar baligin ɗalibi kuwa, bari mu bi dokar ƙofa ƙofa. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, alhali yawancin aikin hutu yana ƙarewa kafin wata ukun. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a sallame shi. Sashe na 18 ya ba da hutun kwana shida mai albashi bayan wata 12 a jere, ma'aunin 1936 ke nan, ba tare da rabo gwargwado ba. A Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, da wata ake lissafin hutu, kwana biyu da rabi ga kowane wata. Daɗin daɗawa, dokar mafi ƙarancin albashi, tun daga ta 1981 mai naira 125, ta keɓe masu aikin 'yan awoyi. Ta 2019 ta riƙe wannan keɓewa, ta haɗa da masu aikin kamasho da na jinga da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gyaran 2024 ya kai adadin naira 70,000 amma bai taɓa keɓewar ba. Kantuna da shaguna da ƙananan makarantun da ɗalibai suke aiki kuwa, kaɗan ne suke da mutum 25. Kowace ƙofa ɗalibi ya nufa sai ya tarar ba da tsawonsa aka auna ta ba.

Duk da haka bai rasa madafa gaba ɗaya ba. Yarjejeniyar baka tana da ƙarfi a doka, in an iya tabbatar da ita. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci mai aikin 'yan awoyi da na wucin gadi da ɗan koyo a fili, saboda haka ɗalibin da ya ji rauni a bakin aiki yana cikin waɗanda ta tanadar wa diyya. Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duk shari'ar ƙwadago, har da ikon duba kyakkyawan tsarin da ake bi a duniya.

Kammalawa

Jama'a, wannan tarihi ya bar mana darussa uku. Na farko, dokar da ba ta da mai bin sawunta ado ce, kamar yadda ta 1802 ta nuna. Na biyu, dole doka ta san kalandar makaranta, ta yanke awoyin zango daban, na hutu daban. Na uku, haƙƙi yana rabuwa gwargwado: wanda ya yi aikin awa yana da ladan awa, wanda ya yi na wata yana da hutun wata. Ga ma'aikatanmu na ma'aikatun ƙwadago da ilimi da shari'a, waɗanda ta hannunsu daftarin dokoki yake bi, ina ganin gyara uku sun isa a fara da su: a yanke mafi ƙarancin lada na awa ɗaya, a wajabta takardar sharuɗɗa tun ranar farko, a kuma riƙa lissafin hutu da wata.

Ku kuma ɗalibai, neman na kai abin alfahari ne, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma kafin dokar ta gyaru, kada ku fara aiki sai an yanka lada da awoyi da ranar biya, an rubuta, ko da a 'yar takarda ce ko saƙon waya. Ku riƙa rubuta kwanakin da kuka yi. In kuwa aikin ya fara cin lokacin aji, to ku tuna shekara nawa aka yi ana fama kafin a ƙwato wa yaran masaƙa awa biyu na karatu.